Hoton da Na Kai Damagaram

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. In na zo majalisa, Habibu yaya Nijar. In na tsaya sayen kifi a bakin gada, Habibu an ce jandarmomi sun tsare ka. Nura ma har da ƙarin gishiri, wai kuka na yi a kan iyaka. Ban yi kuka ba, amma dai ban yi nisa da shi ba. To bari in faɗa muku sau ɗaya tun daga tushe, wanda ya sake tambayata kuma ya je da ƙafarsa ya gano.

Rabinku har yau kun ɗauka gem nake yi a shagon nan nawa na kusa da jami'a. Aikina shi ne mutum ya kawo zanen ginin da bai yi ba, ko wanda bai gama ba, in ɗora a kwamfuta in fitar masa da hoto kamar an shiga ciki da kyamara. Renda muke ce masa. Bango da ƙofa ba su da wuya, haske ne mai wuya. Hasken da ke cikin ɗaki ba wanda ya shigo ta taga kaɗai ba ne. Yana shigowa ya bugi bango, ya tashi ya bugi rufi, ya gangaro ƙasa ya sake tashi. Sai manhajar ta bi sawun wannan yawon duka kafin ta san ko lungu kaza zai yi haske ko duhu.

Wanda ya jawo mini tafiyar Abdu ne, ɗan Damagaram, tare muka yi karatu a nan Wudil. Mahaifiyarsa, Hajiya Rakiya, ungozoma ce ta asibiti da ta yi ritaya, tana gina ɗakin karɓar haihuwa a gefen gidanta saboda matan unguwa. Maginin wani dattijo ne, Malam Isuhu, shi ya gina kusan rabin unguwar. Ya yi ɗakin da ƙasa, ya rufe shi, ya bar 'yan tagogi uku ƙanana can sama a bangon gabas. Abdu ya shiga ya ga duhu, ya ce a fasa bangon a sa ƙatuwar tagar gilashi. Dattijo ya ce gilashi zai dafa mai naƙuda, kuma duk mai wucewa zai leƙo ta. Ya ce a bari a shafe cikin da farar ƙasa, hasken zai sauko har kan gado. Abdu ya ce wannan zancen baki ne, yana da aboki a Najeriya da zai nuna musu yadda ɗakin zai zama bayan shafen, tun ba a yi ba. Abokin nan ni ne.

Na yi hoton, ya fito tas, amma lungun da za a sa gadon duhu ne kamar cikin rumbu. Na tura masa. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce an yanke shawara za a fasa bangon, sai dai Hajiya ta ce ba a ƙaryata dattijo ta waya. In zo da kaina, da kwamfutar, in nuna masa a gaban mutane yadda ya kamata.

Ni ba na ɓoyewa, matsoraci ne. Da na gaya wa Zainab matata, dariya ta yi ta ce, "Kai da ko Gaya ba ka zuwa sai ka yi wasiyya." Duk da haka ita ta haɗa mini jaka, ta raka ni har ƙofa tana ta addu'a, na ga ita ma jikinta a sanyaye yake.

Ranar Asabar da sassafe na shiga Kano, na hau motar Daura. An cusa mu huɗu a baya. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai fataucin atamfa, Iya Tabawa, wadda ta ce ta fi shekara ashirin tana bin hanyar. Ta ga yadda na rungume jaka ta ce, "Ɗan nan, jariri ne a ciki?" Na ce kwamfuta ce. Ta ce to in mun je iyaka in amsa abin da aka tambaye ni kawai, kar in yi ta zuba, kuma kar in yi wa mai kaki dariya ko da shi ya fara. Bayan Kazaure taya ta fashe, motar ta yi ta tangaɗi kafin direba ya shawo kanta. Duk salatin da na sani sai da na yi, har da wanda ban sani ba. Iya Tabawa kuwa goronta take ci. Muna tsaye a rana ana canza taya na ga ashe jarkar manjan wani ta tsiyaye mini a ƙafar wando, haka na shiga ƙasar mutane da jan wando.

Daga Daura muka canza mota zuwa iyaka. Ɓangarenmu ba a daɗe ba, kun san yadda ake yi. Ɓangarensu igiya ce a gicciye da rumfa a gefe, kowa ya sauko ya bi layi, ba mai hayaniya. Abin da ya fara ba ni mamaki, jandarman sai ya sara maka tukuna sannan ya tambaye ka takarda. Mu a nan ina aka taɓa sara wa fasinja. Amma ni sarawar ta fi tsawa razana ni, don ban san abin da ke bayanta ba. Ya duba katina ya miƙo mini, har na juya, sai ya nuna jakar.

"Buɗe."

Na buɗe. Ya ce in kunna. Tsautsayi, abin da ya fara fitowa shi ne zanen ginin daga sama, da awo da kibiyoyi ko'ina. Ya kalli zanen ya kalle ni, ya ce in biyo shi rumfa. Kun dai san yadda zama yake tsakaninmu da su a 'yan shekarun nan. Baƙo daga Najeriya da taswirar gini a jaka. Na waiwaya na ga Iya Tabawa ta kau da kai kamar ba ta taɓa ganina ba. Na bi shi rumfar, na zauna a benci.

Dogo ne siriri, ba zai wuce shekaruna ba, maganarsa a hankali. Ya tambayi ginin na wane ne, a ina yake, me za a yi a ciki. Na faɗa masa. Na nuna masa hoton ɗakin, ya ce wannan ai an riga an gama shi, ga shi an ɗauke shi a hoto. Na rantse masa kwamfuta ce ta zana. Ya sa yatsa ya danna gaba da kansa, sai ga wani hoton mai baƙi da fari, dabbare-dabbare, wanda manhajar take ajiyewa a gefe, ni ma ba kullum nake buɗe shi ba.

"Wannan fa? Daga sama aka ɗauko shi?"

Nan na manta da gargaɗin Iya Tabawa, na shiga zuba. Na ce masa hoton ɗigo-ɗigo ne, dubbai, kuma a kan kowane ɗigo manhajar tana tura 'yan aike su bi ɗakin su dawo su faɗa mata yawan hasken da ya iso wurin. In za ta tura wa kowane ɗigo 'yan aike daidai wa daida, sai a kwana uku hoto ɗaya bai fito ba. Shi ya sa aka koya mata dabara, mu a wurin aiki adaptive sampling muke ce mata. In 'yan aiken farko suka dawo bakinsu ɗaya, sai ta ce nan an gama, ta wuce. In suka dawo wannan ya ce haske wancan ya ce duhu, sai ta tsaya a wurin ta yi ta ƙara turawa har magana ta daidaita. Na ce kamar mai sayen hatsi ne da ɗan ƙarfen nan na soka buhu, buhun da ya fito iri ɗaya a wuce shi, wanda ya fito a gauraye a yi ta sokawa. Wannan baƙi da farin kuwa shaida ce ta inda ta yi aiki: fari inda ta daɗe, baƙi inda ta wuce da wuri.

Sai na ga fuskarsa ta ɗan saki. Ya ce mahaifinsa awon gero yake yi a kasuwa, ya san zancen. Ya koma kan hoton ɗakin, ya dawo kan mai baƙi da fari, ya sake komawa. Ya ɗora yatsa a lungun gadon.

"Ka ce inda ya fi wuya nan take daɗewa. Nan ai shi ya fi nisa da taga. Me ya sa bai yi fari ba?"

Na duba. Lungun baƙi ƙirin, ko ɗigon fari babu.

Nan take na tuna. Akwai adadin 'yan aiken da dole manhajar ta tura kafin a ba ta izinin cewa an gama. Lokacin da 'yan ajin ƙarshe suka yi mini rubdugu da furojet, ga wuta babu, na rage adadin nan ya koma huɗu kacal don hotuna su riƙa fita da sauri, kuma ban mayar ba. A ɗaki mai manyan tagogi ba za a gane ba. Amma a ɗakin Malam Isuhu hasken sai ya bugi rufi ya bugi bango kafin ya iso gado, a cikin 'yan aike masu yawa kaɗan ne za su dace da hanyarsa. An tura huɗu, duk huɗun sun dawo sun ce duhu, bakinsu ya zo ɗaya, manhajar ta wuce abinta. Ba ta duba lungun ba ma. Kuma a kan wannan hoton za a fasa bangon dattijo.

Jandarman ya rufe kwamfutar ya miƙo mini. Ya ce, "Tashi ka tahi, motarku na jira." Ya ƙara kallona ya ce, "Lahiya? Ɗazu ma ba ka yi wannan zufar ba." Na ce lafiya lau, zafi ne.

Daga nan har Matamai har Damagaram ban san me muka wuce ba. Iya Tabawa ta yi ta ba ni haƙuri tana cewa ai jandarmomin ba su da mugunta, ta ba ni dabino, na riƙe a hannu har ya yi laushi. Layina ya daina aiki tun a iyaka, amma ita tana da na can, da na roƙa da ta ara mini na kira Abdu. Na yi ta juya maganar da zan fara da ita, ban samu ba. Na ce bari in na sauka.

Da na sauka kuma abin ya fi ƙarfina. Abdu ya tare ni a tasha da runguma, yana gaya wa duk wanda ya sani ga gwanin da ya zo daga Kano. Muka hau acaɓa, su kabu-kabu suke cewa, har gida. An share mini ɗaki a zaure, an shimfiɗa sabon zanin gado, an ajiye buta da ruwan wanka. Abinci ya fito kamar ana jiran mutum biyar: dambu da zogale an zuba masa ƙuli da mai, farfesun kan rago, ga fura mai sanyi a ƙwarya. Su ba sa cika yaji kamar mu, kuma ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai, sai an zauna an sa shi a gaba ana ƙara masa. Bayan abinci shayi a 'yan kofuna kamar na magani, har zagaye uku, kuma wai in ka tashi kafin na uku ka yi rashin ladabi. Komai ya yi daɗi na sani, amma ni kamar tsumma nake taunawa.

Hajiya Rakiya ta fito muka gaisa, na durƙusa. Gajeruwa ce mai tabarau, tana magana tana kallon cikin idonka. Bayan ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ɗana, ni ba son fasa bangon nan nake ba. Malam Isuhu shi ya gina ɗakin da aka kawo ni amarya. Amma na sha karɓar haihuwa da tocila a baki, na ga abin da duhu yake jawowa. Ba zan gina wa mata duhu da hannuna ba. Tun da ka duba ka tabbatar, shi ke nan." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka da alheri, Hajiya."

Na tambayi Abdu yadda aka tsara. Ya ce gobe da la'asar za a zauna in nuna hoton, jibi leburori su zo su fasa. Sai na ji ɗan sanyi. Na ce wa raina akwai lokaci, bari in gyara in sake renda, gobe in fito da sabon hoto a hannu, in ce na ƙara bincike ne. Kun ga dabarar matsoraci. So nake gaskiya ta fito ba tare da an ga kuskurena tsirara ba.

Gab da magariba Malam Isuhu ya zo gaida baƙo. Tsoho ne baƙi mai farin gemu, tafin hannunsa kamar dutsen niƙa. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi mini barka da hanya, ya tambayi damina a wajenmu. Sannan ya ce, "Kai ne mai injin?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Ina tambaya ne don ban sani ba. Shi injin yakan yi kuskure?"

Abdu ya yi dariya ya riga ni. "Lissafi ne, Baba, lissafi ba ya kuskure. Na ma yi magana da yara, jibi za su zo su fasa, ba sai ka wahala ba."

Tsohon bai kalli Abdu ba, ni yake kallo. Ni kuma na sunkuyar da kai ina kallon manjan da ke wandona. Ya ce, "To madalla." Ya sa takalmansa ya fita.

Ina idar da salla na mayar da adadin inda ya kamata, har na ƙara, na saki renda. Ba ta yi nisa ba aka ɗauke wuta, su kuran suke ce mata, ashe ba mu kaɗai ke fama ba. Batir ya ja abin da zai ja ya mutu. Sai da asuba wutar ta dawo na sake tayarwa daga farko. Aka kawo mini karin kumallo, burodin nan nasu dogo kamar sanda mai ɓawo da tauri, na zauna ina gutsura ina kallon allo. Wannan karon manhajar ta gama da bango da ƙasa da wuri, ta je lungun gadon ta tsaya. Wurin ya fara da yashi-yashi, ɗigon fari nan, ɗigon fari can, tana ta komawa tana ƙarawa. Tun bayan asuba nake jin wani sauti daga bayan gida, dum, dum, na ɗauka maƙwabta ne ke daka.

Da hantsi hoton ya kammala. Haske ya sauko daga rufi ya kwanta a kan gadon, mai laushi, ba rana ba inuwa, wanda za ka iya zura zare a allura a cikinsa. Abin da dattijon ya faɗa, haka yake.

Na ɗauki kwamfutar na fito neman Abdu, sai ga shi ya shigo da sauri, ya ce in zo in ga rigimar tsoho. Wai ya ce ba wanda zai taɓa masa gini, in fasawa ce shi zai fasa abinsa. Sai a lokacin na gane dakan da nake ji.

Ban san sadda na isa ba. Yana kan tsani shi kaɗai da diga, ya yi buɗu-buɗu da ƙasa har gemu. Tagogi biyu sun tafi, an bar wawakeken rami a bangon, ta ukun ce ta rage. Mutanen unguwa sun tsaya nesa suna kallo, Hajiya tana bakin ƙofa ta rufe baki da mayafi. Na ɗaga murya na ce, "Baba, tsaya, don Allah tsaya." Muryar ma ba tawa ba ce.

Ya sauko a hankali. Na buɗe kwamfutar a kan tulin ƙasa, na nuna musu sabon hoton. Duk jawabin da na shirya na cewa na ƙara bincike ya gudu. Na ce hoton farko kuskure ne, kuma kuskuren nawa ne ba na inji ba, ni na hana shi duba lungun saboda gaggawa. Abdu ya dafe kai. Hajiya ta gyara tabarau ta daɗe tana kallon gadon da ke cikin hoton, sannan ta ce a ajiye digar nan.

Malam Isuhu ya sunkuya ya kalli allon, bai taɓa ba saboda ƙasar hannunsa. Ya ɗago.

"Yaushe ka gane?"

Da na ce yau da safe ba mai ƙaryata ni. Na ce, "Jiya, Baba. A kan iyaka."

"Kafin in zo gaishe ka."

"E."

Ya gyaɗa kai. Ya juya wajen Hajiya ya ce bangon zai tashi, amma sai an kwaɓa sabuwar ƙasa ta kwana biyu tana tsima, kuma sai ya duba ko rufin ya motsa. Na tuɓe takalma na naɗe wando na ce zan taya shi, ko ɗaukar ƙasa ce, ko ɗebo ruwa, ko mene ne. Ya dube ni ba fushi a fuskarsa, ya ce, "A'a, kai baƙo ne. Je ka huta, ka sha hanya."

Na rantse muku da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na tsaya a wurin ba takalmi, shi kuma ya durƙusa a gindin bangon yana tsince tubalan da ya fasa ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda ba su karye ba.